Mai kamfani ya ce a shirya lacca, ma'aikata kuma hutu suke nema

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga masu kula da ma'aikata. Ni ce ke riƙe da sashen ma'aikata a wani kamfanin sarrafa kayan abinci a nan Kano, muna da mutum kusan 80 idan aka haɗa da direbobi da masu gadi. Mai kamfani ya ce in shirya taro ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya: a gayyato mai lacca, a buga riguna, a raba lemo da samosa, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Kuɗin da ya ware ba laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen da za a tara ɗin suna shiga 7 na safe su fita 7 na dare, har Asabar. Akwai waɗanda rabonsu da hutun shekara tun kafin a cire tallafin mai. Wallahi ina jin nauyin in zaunar da su a ce musu su riƙa jan numfashi idan ransu ya ɓaci. Me kuke ganin ya kamata in yi da wannan damar?

Baba Mai Fansho: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni dai ban gane wannan sabon yayi ba. Mun yi aikin gwamnati tun muna samari har gashi ya yi fari, ba mu taɓa jin wani ya ce aiki ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ba. Aiki ai dama wahala ne, shi ya sa ake biya. Mutum ya riƙe sallah, ya yi haƙuri, ya gode wa Allah da ya samu abin yi alhali dubbai na yawo da takardu a hannu. Ki yi abin da maigidanki ya ce, ki huta.

Sista Dutin Dare: Baba, Allah ya ƙara girma, tambaya ɗaya zan yi. A zamaninku ƙarfe nawa ake tashi daga ofis?

Baba Mai Fansho: Uku da rabi. Juma'a kuwa kafin masallaci an watse.

Sista Dutin Dare: To ka gani, Baba. Kuna tashi da rana tsaka, ga gidan gwamnati, ga kuɗin tafiya hutu, kuma in ka bar ofis ka bar shi ke nan, babu wayar da za ta bi ka har shimfiɗa. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Akwai daren da mu biyu ne a kan ɗaki cike da marasa lafiya, har da na ƙasa a kan tabarma, saboda abokan aikinmu da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, ba a kuma ɗauki wasu ba. Ka rufe wa mamaci ido, ka wanke hannu, ka juya ka yi wa na kusa da shi allura, ga 'yan'uwan wani suna zaginka don likita bai zo ba. Wata abokiyar aikina, mace mai fara'a da kowa ke so, sai ta koma in mai adaidaita ya sauke ta a bakin ƙofa ba ta iya shiga. Ta tsaya wurin mai shayi tana kallon ƙofar, hannunta na rawa, har lokaci ya wuce. Abin da ta samu daga sama takardar tuhuma ce kan makara. Babu wanda ya kira ta gefe ya ce lafiya kuwa? Kuma a asibiti muke fa.

Likitan Zaure: Anti Maman Ilham, nauyin da kike ji yana kan hanya. A farkon 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya fitar da nazari kan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya. Ya kwatanta waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye, wato horon juriya, darasin kwantar da hankali, manhajojin waya, da waɗanda ba su shiga ba, bai ga waɗanda suka shiga sun fi sauran samun sauƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a Satumbar 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, ta ba da ƙarfi ne ga gyaran aikin kansa: yawansa, tsawon sa'o'i, cin zarafi, rashin ba ma'aikaci ta cewa. Ta kuma ce a horar da shugabanni su iya gane wanda ya shiga matsi, su san yadda za su yi masa magana.

Lacca ba haramun ba ce. Amma in ita kaɗai ce, kamar ka ɗora wa ɗan dako buhu uku ne, sannan ka bi shi kana koya masa yadda ake tafiya a miƙe.

Baba kuma, da girmamawa, ciwon yana nan tun zamaninku, sunansa ne ba a kira. Nawa ne aka ce hawan jini ya kayar da su suna da shekara arba'in da 'yan kai? Nawa ne suka koma kwalba a kulob ɗin ma'aikata? Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya nuna mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Ma'aikatan Anti, in ka lissafa, suna yin 72.

Alhajin Sharaɗa: Bari in yi magana da bakin masu kamfani tunda na ga za a yi mana taron dangi. Likita, kana da gaskiya a takarda. Amma ka zo ka zauna a kujerata wata guda. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar lantarki ta rukunin farko, wato Band A, naira 225 kowane yunit, in babu wutar kuma ga dizal. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000. Kayan da nake sayowa da dala sun ninka. Ka zagaya Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga masana'antun da suka rufe ƙofa. In na raba aikin sa'a 12 gida biyu, sai na ɗauki ƙarin mutane, kuɗin daga ina? Ko dai in rage albashi, ko in rufe, kowa ya tafi gida ya huta gaba ɗaya. Mu ma fa ba barci muke ba. Ranar 25 ga wata in ta gabato, ni ma sai na sha magani nake runtsawa.

Sista Dutin Dare: Alhaji, to ai ka shigo layinmu ke nan. Wane magani kake sha, wa ya rubuta maka?

Alhajin Sharaɗa: Yaron kemis ne ke ba ni, ƙanana ne.

Likitan Zaure: Alhaji, don Allah kada ka daina shi kwatsam, kuma kada ka ci gaba a haka. Ka ɗauki kwalin ka kai wa likita ya gani. In irin su diazepam ne, jiki na sabawa da su, barinsu farat ɗaya na iya jawo matsala, sai an bi a hankali.

A kan maganar kuɗi, ban musa maka ba. Sai dai ba duk gyara ne ke cin kuɗi ba. Nawa ake kashewa don a hana sufabaiza zagin uwar ma'aikaci a gaban jama'a? Nawa ake kashewa don a liƙa jadawalin aiki mako guda kafin lokaci, mutum ya san ranar da zai kai matarsa awo? Kuma gajiyar ma kuɗi take ci, a wani shafin littafi kawai take fitowa: kayan da suka lalace, yatsan da inji ya cinye da ƙarfe shida na yamma, direban da ya yi gyangyaɗi a hanyar Zariya, wanda ka gama koya wa aiki ya gudu. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ya kai kimanin dala tiriliyan 1.

Admin: Wani ɗan zaure ya turo mini wannan ta bayan fage, ya ce a sakaya sunansa.

"Ni ma'aikacin kwantiragi ne a wani banki, ɓangaren nemo masu ajiya. Ba bankin ne ya ɗauke ni ba, wani kamfani ne ya kawo mu. Duk Litinin da safe akwai taro. Manaja zai haska sunaye a bango, kowa da abin da aka ɗora masa da abin da ya kawo. Wanda ya gaza sai ya miƙe tsaye a gama taron yana tsaye, ana tambayarsa ko shi ba shi da dangi masu kuɗi ne. Na bi kawunnaina da surukaina duk na buɗe musu asusu, yanzu in na kira ba sa ɗauka. Daga yammacin Lahadi cikina ke fara murɗawa. Ina kwanciya in farka ƙarfe biyu in kasa komawa. Abinci ba ya mini daɗi, ƙwallon da nake mutuwar so na daina kallo, yarana in suka yi hayaniya sai in daka musu tsawa in koma ina jin kunya. An yi mini gwajin maleriya da taifot ba adadi. Wani lokaci ina kan babur sai in ji da ma wata mota ta huta da ni. Ba zan iya faɗa a ofis ba, washegari za a ce kwantiragi ya ƙare. In kuma aka ji na je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, shi ke nan na zama mahaukaci har a gidan surukai."

Likitan Zaure: Ɗan'uwa, na gode da ka faɗa, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ba zan yanke maka ciwo ta waya ba, amma abin da ka lissafa, rashin barci, daina jin daɗin abin da ka saba so, rashin cin abinci, in ya wuce mako biyu yana tafiya a haka, alamomin ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Maganar motar nan ita ce ba na so ka jinkirta a kanta. Yau ɗin nan ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, matarka ko wani ɗan'uwa, kuma a cikin makon nan ka ga likita. In tunanin ya yi ƙarfi har ka ji kana shirya wani abu, kada ka zauna kai kaɗai, a kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a lokacin.

Ba dole sai Dawanau ba in sunan ne ke tsorata ka, ko da yake asibiti ne kamar kowane. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen masu wannan lalura, kana shiga cikin jama'a kamar mai ciwon ido. Na Kaduna akwai asibitin tarayya a Barnawa, na Sakkwato akwai Kware, akwai kuma na Maiduguri. Likitan da ke duba kowa da kowa ma zai iya farawa, ya duba jini da maƙoshi ko akwai wani abu a jiki. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka layi na da tsawo, ka je da wuri. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, mutane da yawa a nan suke karaya su watsar. Kuma sirrinka amana ce a wuyan likita, ba shi da hurumin kai wa ofishinku labari. Ka yi mini magana ta bayan fage ta hannun Admin.

Baba Mai Fansho: Yaro, Allah ya yaye maka. Amma ka duba azkar ɗinka. Wani abin ba na asibiti ba ne, wurin aiki akwai hassada, akwai sammu. A samu malami ya yi maka ruƙiyya.

Malam Na Bakin Kasuwa: Baba, addu'a kam babu mai raina ta, Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Amma a kiyaye kada a nuna wa bawan Allah nan cewa raunin imani ne ya jawo masa. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani ya faɗa, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Ya yi azkar, ya kuma je asibiti, ɗaya ba ya korar ɗaya. Mu da ake kawo wa mutane, sau da yawa kana fara hira da mutum za ka gane ba aljani ba ne, bashi ne da rashin barci da maigida mai baƙar magana.

Sannan ina mamakin yadda in aka zo maganar ma'aikaci, ayoyin haƙuri kawai muke tunawa. Hadisin Abu Zarri yana cikin Bukhari da Muslim, a kan waɗanda ke ƙarƙashin mutum: 'yan'uwanku ne, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora musu to ku taimake su. Wannan wa aka faɗa wa? Maigida. Haka Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, kuma a kan yawan ibada ma aka faɗa masa, ballantana tara wa wani dukiya. Hajiya Maman Ilham, in za a yi wa'azi a taron nan, a fara da sahun gaba.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, sahun gaban ne ke sa hannu a albashina.

Barista: To Hajiya, ki shiga masa ta ƙofar doka, masu kamfani sun fi jin wannan yaren. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi wata 12 yana aiki a jere yana da hutun aƙalla ranakun aiki 6 da cikakken albashi. Tana ba da hutun rashin lafiya har ranakun aiki 12 a shekara da biya, in likita ya ba da takarda, kuma ba ta ce sai ciwon da ake gani da ido ba. A kowane kwana bakwai akwai hutun yini guda cur, wanda kuma ya yi sa'a 6 ko fiye a rana yana da hutun sa'a guda a tsakani. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma ya fi shafar leburori da ƙananan ma'aikata, manya takardar ɗaukarsu aiki ake dubawa. Mutanenki da suka shekara biyu babu hutu, ba alfarma za a yi musu ba, bashi suke bi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Sashe na 8 ya yi magana ƙarara a kan matsin ƙwaƙwalwa: in likita ya tabbatar aikin ne ya jawo, ko maigida ya sauya tsarin aiki ta yadda ya fi ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba, ana iya neman diyya. Asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, ne ke biya, shi ne dalilin kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake karɓa daga masu kamfani. Sai Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ta hana nuna wa mutum bambanci saboda wannan lalura, har a wurin aiki.

Kada dai in yi muku daɗin baki. Abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Shari'a a kotun ƙwadago tana cin lokaci, wanda kuma ke neman na cefanen gobe ba ya kai maigidansa ƙara.

Mushe Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Barista ya tuna mini da shari'ar France Télécom, kamfanin da ya koma Orange, wanda mu a Nijar mun san shi don ya yi shekaru yana aiki a nan. Shugabanninsa a Faransa sun so rage ma'aikata 22,000, korarsu kuma da wuya don yawancinsu suna da matsayin ma'aikatan gwamnati. Sai aka bi ta hanyar ƙuntata musu: a yi ta canja wa mutum gari, a ba injiniya aikin amsa waya, a sa masa abin da ba zai iya cimmawa ba, har ya gaji ya tafi da kansa. Ma'aikata da dama suka kashe kansu a 2008 da 2009, wasu sun bar wasiƙa suna ambaton aikin. A Disambar 2019 kotu a Paris ta sami tsohon shugaban kamfanin, Didier Lombard, da laifi, ta yanke masa ɗauri, ta ci kamfanin tarar yuro 75,000. Tarar ba komai ba ce a wurinsu. Abin da ya girgiza mutane shi ne kotu ta ce tsarin tafiyar da kamfani kansa yana iya zama laifi, ko da shugaban bai taɓa haɗuwa da wanda aka cuta ba. Wannan tsayuwar da ake sa ɗan'uwanmu na banki ranar Litinin, ni ban ga bambancinta da wancan ba sai a girma.

Kuma tun Janairun 2017 a Faransa suna da dokar da ta tilasta wa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya zauna da su a tsara lokacin da mutum ke da ikon kashe waya.

Sista Dutin Dare: Mushe, wannan ta ƙarshen ita nake so a kawo mana. Zauren WhatsApp na wurin aiki ya zama bala'i. Sha ɗaya na dare a turo saƙo, in ba ka amsa ba da safe a ce an ga ka karanta.

Yaron Kwari: Ku duk kuna da takardar ɗaukar aiki kuna kuka. Mu yaran shago fa? Babu albashi tsayayye, babu hutu sai ranar sallah, ita ma da yamma. Shekara da shekaru kana jiran ranar da maigida zai sallame ka ya ba ka jari, ba ka san ranar ba, ba ka isa ka tambaya ba. Yadi ɗaya ya ɓata a ce kai ne. Masu ɗaukar dila da yawa da kuke gani ba ƙarfin Allah da Annabi ba ne kawai, ƙwaya ce, don jiki ya daina jin ciwo. Wa zai yi mana lacca mu?

Likitan Zaure: Gaskiyarka, kuma ku ne mafi yawa, don akasarin masu aiki a ƙasar nan ba su da takarda. Abin da ka faɗa kan ƙwaya muna ganinsa kullum. Tramadol da yawa ba don nishaɗi ake fara shi ba, don a iya aikin ne, sai ya riƙe mutum. A kasuwa ina ganin ƙungiyar 'yan kasuwa da limaman masallatan layi su ne za su iya abin da sashen ma'aikata ke yi a kamfani. Ko da a ce an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, shekara kaza za ka yi a sallame ka da kaza, rabin zullumin ya tafi.

Yaron Kwari: Likita, ranar da na ce wa maigida a rubuta, ranar zan koma ƙauye.

Maman Ilham: Na kwana ina juya maganganunku. Ga abin da na rubuta zan kai wa mai kamfani, ku gyara mini. Taron zai tsaya, don in na ce a soke ba zai saurari sauran ba. Amma maimakon a tara kowa a rana, a kawo likita ya zauna da sufabaizoji da manajoji su kaɗai, ya koya musu alamomin da za su lura da su da yadda ake tambayar mutum ba tare da an tozarta shi ba. Kuɗin riguna a biya wa ma'aikata katin ganin likita a waje, mutum ya je da kansa, kamfani ya ga lissafin kuɗi kawai ba sunaye ba. A fitar da jadawalin hutun shekara, a fara da waɗanda suka fi daɗewa. Zagi a gaban jama'a ya zama laifin da ake rubuta wa sufabaiza takarda. Bayan 8 na dare babu saƙon aiki sai gobara ko haɗari. Maganar sa'a 12 ban saka ba tukuna, ina tsoron kada ta kashe sauran.

Alhajin Sharaɗa: Hajiya, in ni ne maigidanki, huɗu zan sa wa hannu yau. Hutun ne zan ja, don wanda ya tafi wa zai tsaya a injinsa? Shawarata, kada ki kai masa da sunan tausayi. Ki ɗauko littafinki ki nuna masa mutum nawa suka bar aiki bara, nawa aka kashe a asibiti kan raunuka, da ƙarfe nawa raunukan suka fi faruwa. In ya ga yawancinsu bayan la'asar ne, shi da kansa zai taso da maganar sa'o'in. Kuma ki sa hutun a watannin da kasuwa ke sanyi, ba gab da azumi ba.

Sista Dutin Dare: Ni ban yarda a bar maganar sa'a 12 ba. Ita ce uwar matsalar, sauran duk 'ya'yanta ne. Haka ake mana kullum, a ba mu abin da ba ya cin kuɗi a ce mu yi godiya.

Maman Ilham: Sista, ban ce na bar ta ba. In na shiga da ita a farko, takardar ko shafi na biyu ba zai kai ba. Na san mutumina.

Baba Mai Fansho: Ni dai har yanzu ina ganin yaran yanzu ba su da ƙashi. Amma zagin iyaye kam ko a zamaninmu ba a yi. Wanda ya yi, sai ya tsaya gaban babban sakatare.

Barista: Hajiya, ƙara abu ɗaya: takardun asibiti na ma'aikata kada su zauna a fayil ɗin da kowane akawu ke buɗewa, ki ware musu wuri mai makulli a hannunki. In labarin mutum ɗaya ya fita, babu wanda zai sake zuwa.

Ɗan'uwa na banki kuma, ka nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu da kamfanin da ya kawo ku, ka duba abin da ta ce kan rashin lafiya da wa'adin sallama. Ka riƙa adana saƙonnin da ake turo maka da takardun asibiti, a wayar da ba ta ofis ba. Ka kuma tambaya a hankali ko kamfanin yana biyan NSITF a kanku, don shi ne maigidanka a takarda, ba bankin ba.

Admin: Ɗan'uwanmu na banki ya ce in gaya wa Likita ya faɗa wa matarsa, gobe yayansa zai raka shi asibiti. Yana tambaya ko takardar hutun da za a ba shi dole ne a rubuta sunan ciwon a jiki.

Likitan Zaure: Ba dole ba ne. Ya roƙi likitan ya rubuta cewa ba zai iya aiki ba na kwana kaza saboda rashin lafiya, ya tsaya a nan. In kan takardar asibitin ne zai tona shi, ya faɗa wa likitan tun kafin a rubuta, a asibitin koyarwa sunan asibitin gaba ɗaya ne ke sama.